Kunne Ko Ƙa'ida: Zaɓen Jimlar Da Take Daidai A Tambayoyin Jarrabawa



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne ga ido, amma ya sha tsaya wa yaro a ƙofar jami'a. Watau irin tambayar nan ta jarrabawa wadda za a rubuta jimla guda ta fuska huɗu ko biyar, a ce wa ɗalibi ya zaɓi wadda take daidai, ko kuwa a bar gurbi a tsakiyar jimla, a jera kalmomi a ƙasa, a ce ya cike. Ma'aikaci ma bai tsira ba. Ko da ya rabu da zauren jarrabawa shekara ashirin, yana amsa irin wannan tambaya a kan teburinsa duk sa'ad da ya ɗauki alƙalami zai rubuta sanarwa, ko ya fassara takardar kotu, ko ya aika wa dagatai wasiƙa.

Da yake da yawa daga cikin waɗanda suke zaune a nan daga Ikara da Maƙarfi da Kudan suka fito, daga can zan ɗauko misalaina. Ina kuwa da dalili. Ɗalibin wannan yanki yana shiga jarrabawar Hausa da tabbacin cewa harshen uwarsa ne, ba abin da zai gagare shi, sa'an nan sakamako ya fito ya ga abin da bai zata ba. Abin da nake so in nuna shi ne, kunne kaɗai ba ya isa alƙali a wannan shari'a. Dole ne a haɗa masa da sanin ƙa'ida.

ASALIN IRIN WANNAN TAMBAYA

Tambayar zaɓi-ɗaya ta bunƙasa ne a Amurka a farkon ƙarni na ashirin. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, rundunar sojan ƙasar ta yi amfani da ita wajen gwada ɗimbin sababbin sojoji, saboda tana da saurin dubawa, kuma kowane mai dubawa maki ɗaya zai bayar. Wannan dalili ne ya sa hukumomin jarrabawarmu suka rungume ta: WAEC da aka kafa a 1952, da JAMB a 1978, da NECO a 1999. Tun daga 2015 kuwa jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, mai duba irin wannan amsa ba ya sauraren hanzari. A tambayar insha'i ɗalibi yana iya kuskure a nan ya gyara a can, mai dubawa ya auna, ya yi masa adalci. A tambayar zaɓi kuwa amsa ɗaya ce aka ajiye, ko ka same ta ko ka rasa. Wanda ya dogara ga canke a tambaya mai amsa huɗu, bisa lissafi kashi 25 cikin 100 ne rabonsa, wannan kuwa faɗuwa ce a yawancin jarrabawa.

WACE HAUSA AKE TAMBAYA?

Idan takarda ta ce "zaɓi jimlar da take daidai", nufinta daidai bisa daidaitacciyar Hausa, watau Hausar da aka amince a riƙa rubuta littattafai da jaridu da takardun hukuma da ita. Wannan Hausa aikin mutane ce, an kuwa daɗe ana gina ta. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buga ƙa'idojinsa na rubuta Hausa da boko a 1912. A shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ƙamusun Bargery kuma ya fito a 1934. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Daga nan aka yi taron Bamako a 1966, wanda UNESCO ta shirya, da na Yamai a 1980, domin daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijeriya da Nijar. A fagen nahawu kuma littafin Farfesa M. K. M. Galadanci na 1976 ya zama madogarar malamai, kuma a kan tsarinsa aka gina yawancin kalmomin da muke koyar da nahawu da su.

To, ga abin mamaki. Yawancin wannan aiki na farko a Zariya aka yi shi, a Hukumar Talifi da Kamfanin Gaskiya, tafiya kaɗan daga Hunƙuyi. Amma karin harshen da aka ɗauka ya zama tushe Kananci ne. Ƙananan hukumomin nan uku kuwa suna cikin masarautar Zazzau, suna kuma bakin iyakar Jihar Kano. Yaron da ya tashi a Tashar Yari, a kan hanyar Zariya zuwa Kano, yana jin Zazzaganci a gida, yana jin Kananci a bakin fataken da suka zo sayen rake, har kunnensa ya saba da duka biyu, ya daina jin ɗayansu a matsayin baƙo.

Babban abin da ya raba Zazzaganci da daidaitacciyar Hausa shi ne jinsi. Masu Zazzaganci da yawa ba sa rarrabe namiji da tamace a sunayen abubuwa. Za ka ji an ce "rigan nan sabo ne", ko "motana ya lalace", inda daidaitacciyar Hausa za ta ce "rigar nan sabuwa ce", "motata ta lalace". Masana harshe sun daɗe da rubuta wannan, ba kuwa aibi ba ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Basakkwace yana da nasa, "munka tafi" da "shina zuwa". Bakano ma da aka ɗauki nasa yakan ce "na gaya mai", alhali a rubuce "masa" ake so. Sai dai rabon ɗan Zazzau ya fi nauyi, domin jinsi ya ratsa jimlar Hausa tun daga kanta har wutsiyarta.

Na taɓa gyara wa wani ɗalibi "kasuwan garinmu" na mayar da ita "kasuwar garinmu". Ya dube ni ya ce, "Malam, ai haka kakata take faɗi, ita kuwa ba ta jin kowane harshe sai Hausa." Na ce masa gaskiyarsa, kakarsa ba ta yi kuskure ba, amma ba ita za ta duba takardarsa ba. Almajiran zaure sun riga mu gane wannan. Wanda ya karanta Ajurumiyya, littafin nan na malamin Fas da ya rasu a 1323, ya san cewa ko Balaraben Masar sai ya zauna ya koyi li'irabi, domin Larabcin kasuwa daban, na littafi daban. Ita kanta kalmar "nahawu" daga wurinsu muka aro ta.

Yanzu bari mu bi wuraren da masu shirya tambaya suka fi kafa tarkonsu. Guda biyar ne.

NA ƊAYA: JINSI DA ADADI

Kowane suna a daidaitacciyar Hausa ko dai namiji ne, ko tamace, ko jam'i. Da zarar an ambaci suna, sai sauran kalmomin jimla su bi shi: nasaba (-n ko -r), da dirka (ne ko ce), da mafayyaci (wani, wata, wasu), da sifa (sabo, sabuwa, sababbi), da zagin aikatau (ya, ta, sun). Dubi wannan tambaya:

(1) Kasuwar raken Maƙarfi ____ cika maƙil.
A. ya  B. ta  C. sun  D. suka

Ɗalibi yakan ga "rake" kusa da gurbin, rake kuwa namiji ne, sai ya zaɓi A. Amma me ya cika? Kasuwa ce ta cika. "Raken Maƙarfi" bayani ne kawai na wace kasuwa. Idan aka cire shi, jimla za ta koma "Kasuwa ta cika", amsa kuwa B ce. Ga kishiyarta:

(2) Buhun masarar da muka sayo a Ikara ____ jiƙe.

A nan masara tamace ce, Ikara ma haka, amma uban tafiyar shi ne buhu, saboda haka "ya jiƙe". Wannan ita ce ƙa'ida ta farko: zagin aikatau yana bin sunan da yake jagorantar yankin, ko da kalmomi goma sun shiga tsakaninsu. Sunan littafin Abubakar Imam na shekarun 1930, Magana Jari Ce, ya isa abin tunawa. Jari namiji ne, yana kuma manne da dirka, amma dirkar ta tsallake shi ta bi magana.

Yaya mutum zai san jinsin suna idan kunnensa bai gaya masa ba? Akwai ma'auni mai sauƙi: yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin -a tamata ne, kamar gona, albasa, shinkafa, mazarƙwaila, makaranta. Waɗanda suka ƙare da sauran wasula ko da baƙi yawanci maza ne, kamar rake, gero, barkono, tumatir, asibiti. Amma akwai 'yan tawaye, su ne kuwa masu shirya tambaya suka fi so. Gida da ruwa da nama da suna da wata (na sama) duk sun ƙare da -a, duk kuma maza ne: "naman akuyar ya yi tsada". Sunayen garuruwa da ƙasashe tamata ne ko da wane harafi suka ƙare: "Kudan ce", "Maƙarfi ta bunƙasa". Idan kuwa aka ce "garin Maƙarfi", to gari ne jagora, sai a ce "ya bunƙasa".

Akwai kuma wani lungu da yake kayar da ko wanda ya san jinsi. Nasabar -r tana hawa ne kan sunan tamace da ya ƙare da -a kaɗai. Gwamnati tamace ce, amma da -i ta ƙare, don haka sai a ce "gwamnatin jiha ta gina asibiti": -n a jikin suna, "ta" a gaban aikatau. Ɗalibin da ya ga -n ya yanke hukuncin cewa namiji ne, ya zaɓi "ya gina", ya faɗa rami.

Haka nan sunan da aka samo daga aikatau yana da jinsinsa. Saye da nema da koyo maza ne: "yana sayen rake", "yana neman aiki", "yana koyon ɗinki". Karɓa da tambaya tamata ne: "yana karɓar haraji", "yana tambayar malam". "Karɓan haraji" tana cikin kurakuran da na fi gani a takardun ofis.

NA BIYU: SUN DA SUKA, SUNA DA SUKE

Shuɗaɗɗen lokaci iri biyu ne a Hausa, lokaci mai ci ma haka. Na ɗaya shi ne mun, kun, sun, an, da muna, kuna, suna, ana. Na biyu shi ne muka, kuka, suka, aka, da muke, kuke, suke, ake. Na biyun yana zuwa a wurare sanannu: bayan "da" ko "wanda" masu bayanin suna, da bayan kalmar tambaya, da kuma inda aka ɗauko wata kalma aka sa ta a gaba don ƙarfafawa.

(3) Manoman da suka kawo tumatir sun koma gida.
(4) Yaushe kuka dawo daga Hunƙuyi?
(5) Rake ne muke sayarwa.

A jimla ta (3) ga su nan duka biyu, kowanne a mazauninsa. Wahalar tana ɓoye ne a cikin tilo, domin "ya" ta lokaci na ɗaya doguwa ce a baki, ta lokaci na biyu gajeruwa, amma rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali. Sai a ba ɗalibi jimla kamar "Malamin da ya zo ya tafi", a ce ya mayar da ita jam'i. Yana ganin "ya" biyu iri ɗaya, sai ya zaɓi amsar da ta mayar da su iri ɗaya. Amsa kuwa ita ce "Malaman da suka zo sun tafi".

Ga wani misali da zai nuna haɗarin gaggawa. Kalmar "da" a farkon jimla tana iya ɗaukar ma'ana uku, a rubuce kuwa kamarsu ɗaya:

(6) Da suka iso, muka tafi.
(7) Da sun iso, za mu tafi.
(8) Da sun iso, da mun tafi.

Ta (6) labari ne na abin da ya riga ya faru. Ta (7) tana nufin da zarar sun iso. Ta (8) kuwa ba su iso ba, ba a kuma tafi ba. Idan aka bar gurbi bayan "da" ta farko, ba mai iya cike shi sai wanda ya karanta jimlar har ƙarshenta, gama amsar tana can a rabi na biyu.

NA UKU: WASALIN ƘARSHEN AIKATAU

A 1960 F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Ɗalibin sakandare ba ya bukatar haddace tsarin duka, amma ya kamata ya san aji na biyu, domin aikatau na wannan aji yana sauya wasalinsa bisa abin da ya biyo bayansa:

(9) Ya sayi rake.
(10) Ya saye shi.
(11) Ga raken da ya saya.

Watau -i gaban suna, -e gaban wakilin suna, -a idan ba abin da ya biyo. Haka tambaya da karɓa da nema suke: ya tambayi malam, ya tambaye shi, ta karɓi kuɗi, ta karɓe su, mun nemi izini, mun neme shi. "Ya tambaye malam" kuskure ne, "ya tambayi shi" ma haka.

Amma a yi hattara. "Ya saye rake" jimla ce mai kyau, sai dai ma'anarta dabam: ya saye shi duka, bai bar kome ba. Wannan aji na huɗu ke nan. Daga saiwa guda muna samun saya, da saye, da sayo (ya saya ya kawo nan), da sayar (ya ba da shi ya karɓi kuɗi), da sayu. Idan tambaya ta ce "Dillali ya ____ raken kasuwar kaf", kalmar "kaf" ita ce shaida, "saye" ake so. Wannan ya nuna cewa amsar da ba daidai ba sau da yawa Hausa ce lafiyayya, wurin zamanta ne kawai ba nan ba.

NA HUƊU: KOREWA

Korewa a Hausa tana da tsari bisa lokaci. Shuɗaɗɗen lokaci da lokaci na gaba da lokaci sabau suna ɗaukar "ba" biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya: bai zo ba, ba zai zo ba, ba yakan zo ba. Lokaci mai ci "ba" ɗaya yake ɗauka: ba ya zuwa. Umarni kuwa da "kada" ake kore shi: kada ya zo. A gajeruwar jimla ba mai kuskure. A doguwa ne "ba" ta ƙarshe takan ɓace:

(12) Ɗalibai ba su karanta littattafan da malam ya ba su tun farkon zango ba.

Ku lura "ba su" ta zo sau biyu a nan. Ta farko korewa ce, ta biyu kuwa aikatau ne na bayarwa da wakilin suna. Mai shirya tambaya zai cire "ba" ta ƙarshe a ɗaya daga cikin amsoshi, ɗalibi ya ga "ba" biyu sun riga sun wuce, ya ɗauka lissafi ya cika. Maganin abin shi ne, duk inda ka ga "ba" ta buɗe korewa a shuɗaɗɗen lokaci, ka bi jimlar da yatsa har ka ga wadda ta rufe.

NA BIYAR: HAƊAWA DA RABAWA DA LANƘWASA

Wannan fanni na ƙa'idojin rubutu ne, kunne kuwa ba shi da abin cewa a cikinsa ko kaɗan. Gajeruwar mallaka a haɗe take da suna: gidansa, motarta, gonarmu. Wakilin sunan da aiki ya faɗa wa a rabe yake: ya gan shi, ta kira mu. Ana haɗa yana da yake da yakan, da zan da zai, da ban da bai, amma ana raba za su, da ba ta, da ba mu. "A kan" mai nuna wuri kalma biyu ce, "akan" ta sabo kalma ɗaya: akan ajiye littafi a kan tebur. Haka kuma ana rubuta "gidan mai" da "rigar sarki", ko da yake baki yakan furta "gidam mai" da "rigas sarki".

Wani zai ce wannan duk ƙaƙale ne na malamai. To, ga jimla daga irin abin da akawun kotu yake rubutawa: "Ya bata takarda." Me aka yi? Idan "ya ba ta takarda" ake nufi, mutumin ya sauke nauyinsa. Idan kuwa "ya ɓata takarda" ne, ya yi laifi. Tazara guda da lanƙwasa guda su ne tsakanin mai gaskiya da mai laifi. Haka kafa da ƙafa, da kusa da ƙusa, da daki da ɗaki. A da ana kafa hujja da cewa keken rubutu ba shi da waɗannan haruffa. Yau kwamfuta da wayar hannu duk suna da su, hujjar ta faɗi.

YADDA ZA A TUNKARI TAMBAYA

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da hanya, wadda nake ba ɗalibai shawara su bi daki-daki har ta zama musu jiki.

1. Karanta jimlar tun daga farko har ƙarshe kafin ka dubi amsoshi, ka tabbata ka gane abin da take nufi.

2. Dubi amsoshin ka ga a ina suka saɓa wa juna. Idan bambancinsu ya da ta ne, jinsi ake tambaya. Idan sun da suka ne, lokaci ake tambaya. Da ka gane abin da ake gwadawa, ka san ƙa'idar da za ka kira.

3. Nemo sunan da yake jagora, ka cire duk bayanin da ya shiga tsakaninsa da aikatau, ka karanta abin da ya rage.

4. Idan tilo ya rufe maka hanya, mayar da jimlar jam'i a zuciyarka. Idan jinsin suna ya shige maka duhu, gwada shi da sifa: sabon kaza ko sabuwar kaza?

5. Fitar da amsoshin da ka tabbata sun karya ƙa'ida. Idan biyu suka rage, kuma duka Hausa ce mai kyau, koma ga ma'ana, ka nemi kalmar da take shaida a cikin jimlar.

6. Bayan duk wannan sai ka saurari kunnenka. Idan ya yarda da ƙa'ida, madalla. Idan suka saɓa, ka tambayi kanka ko muryar gida ce take magana, ka bi ƙa'ida.

Wannan hanya tana aiki a takardar Ingilishi ma, domin can ma tarkon da aka fi kafawa shi ne a nisanta suna da aikatau, a sa wani suna a tsakani.

HAKKIN DA YAKE KAN MALAMAI DA MASU SHIRYA TAMBAYA

Ba zan sauka ba sai na juyo kanmu, gama ba duk laifin yake kan ɗalibi ba. Akwai wuraren da daidaitacciyar Hausa ta yarda da fuska biyu. "Wadda" da "wacce" duk suna cikin littattafanmu, "kada" da "kar" haka, kuma ana cewa "jama'a ta taru" ana cewa "jama'a sun taru". Duk wanda ya jera irin waɗannan a tambaya guda ya ce a zaɓi ɗaya, ra'ayinsa yake tambaya, ɗalibi kuwa ba shi da hanyar sanin ra'ayin mutumin da bai taɓa gani ba. Kafin a saki tambaya ya kamata a auna ta da ƙamus da littafin nahawu. Muna da su: nahawun Paul Newman na 2000, da na Philip Jaggar na 2001, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ya kamata kuma umarnin tambaya ya fito fili ya ce "bisa daidaitacciyar Hausa", don yaro ya san ma'aunin da ake auna shi da shi.

Malamin aji kuma, musamman a makarantun Ikara da Maƙarfi da Kudan, ina roƙonsa abu uku. Na farko, kada ya kunyata yaro saboda karin harshensa. Yaron da aka yi wa dariya don ya ce "rigana" zai yi shiru ne, wanda ya yi shiru kuwa ba a san inda za a gyara masa ba. Ya fi kyau a raba allo biyu, a rubuta yadda muke faɗi a gefe guda, yadda ake rubutawa a ɗaya gefen, yara su ga bambancin da idonsu. Na biyu, duk sunan da za a koyar a koyar da shi tare da dirkarsa: gona ce, gida ne, gwamnati ce. Haka masu koyon Faransanci suke haddace kowane suna da jinsinsa, ba kuwa wanda ya ce sun ƙasƙanta. Na uku, a riƙa karanta wa yara ingantattun littattafai da babbar murya, su ma su karanta, ko da na minti goma ne a kowane darasi. Da haka kunne yake samun murya ta biyu, har wata rana yaro ya ji "kasuwan" ta yi masa nauyi a takarda, alhali bai daina faɗinta a gida ba.

KAMMALAWA

Jama'a, mun ga cewa tambayar gyaran jimla tana auna sanin daidaitacciyar Hausa ne, wadda aka gina a kan Kananci, kuma ɗan ƙasar Zazzau yana da aiki na musamman a fannin jinsi. Mun bi wurare biyar da ake kafa tarko, mun kuma ga yadda ake tsallake su. Ɗalibin da zai zauna jarrabawa bana, ina ba shi aikin gida: ya ɗauki shafi guda na kowace jaridar Hausa, ya ja layi ƙarƙashin kowane suna, ya nemo kalmomin da suke bin sa a jimlar. Ma'aikaci kuma ya ɗauko wasiƙar ƙarshe da ya rubuta da Hausa ya yi mata haka. Wanda ya yi wannan sau goma zai ga abin da nake nufi fiye da yadda lacca za ta nuna masa.

 Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya sa mu dace.